Balan-balan a bayan Hilux: amsa ga Alhaji mai jigilar taki da shanshera

Tambaya: Malam, ina da Hilux mai ƙofa huɗu, ƙirar 2012. Da damina ina kai taki gonata ta wajen Dadin Kowa, da kaka in kwaso shanshera, sauran kwanaki kuwa motar iyali ce. Da na ɗora kaya sai bayanta ya zauna, hancinta ya ɗaga, kowane rami na faɗa sai in ji ƙum. Yarona ya nuna mini a waya wata roba da ake hura wa iska a ɗaura a kan sifirin na baya. Wacce iri zan saya, kuma buhu nawa za ta ba ni damar ƙarawa?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a noman. Abin da yaronka ya nuna maka shi ne direbobin tirela ke ce wa balan-balan. Na a-kori-kura ƙarami ne, kuma ba ya maye gurbin sifirin, tallafa masa kawai yake yi. Jakar roba ce mai kauri, ɗaya dama ɗaya hagu, a tsakanin shasi da aksil na baya. Ranar lodi ka hura mata iska, ranar da motar take fayau ka rage mata. Na daɗe ina aikin ƙafar mota a nan Gombe. Na ɗaura wa mutane shi sun yi godiya, na kuma kwance wa wasu bayan ya jawo musu asara, don haka abin da idona ya gani zan faɗa maka. Daga wutsiyar tambayarka zan faro.

Buhu nawa za ka ƙara? Ko ɗaya. Balan-balan gammo ne. Yarinyar da ta yi gammo za ta ji daɗin ɗaukar tulu, ba zai riƙa yi mata rawa a ka ba, amma gammo bai taɓa ƙara wa wuya ƙarfi ba. Su kansu kamfanonin da ke yin sa, irin su Firestone da Air Lift na Amurka, sun rubuta ƙarara a takardar da ke cikin kwalin cewa kayansu ba sa ƙara nauyin da aka yarje wa mota ta ɗauka. Masu yanke wannan iyakar su ne shasi, da aksil, da boris ɗin ƙafa, da birki, da taya, kuma babu ɗayansu da iska ke canzawa. A Hilux, sandar da ke juya tayar baya ita ce kuma ke ɗauke da nauyin, a kan boris guda a kowane gefe. Idan lodi ya wuce kima boris ne zai fara kuka, sil ya saki, man aksil ya malala cikin duram ɗin birki, ka wayi gari kana taka birki motar tana jan gefe ɗaya. Abin da ya fi ba ni tsoro game da balan-balan ma shi ne yana ɓoye shaida. Zaman da bayan motarka ke yi, ita ce ke gaya maka ta gaji. Da ka hura iska ta miƙe tsaye, sai lebura ya ce ai Alhaji da sauran wuri, a ƙaro biyar.

Mu yi lissafi da buhunka. A jikin motar akwai ɗan ƙarfe ko takarda da kamfani ya liƙa, a dogarin ƙofa ko cikin ɗakin inji, mai nuna iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta. Ka cire nauyin motar ita kaɗai, wanda ke cikin littafinta, abin da ya rage shi ne rabonka. A irin taka wajen tan ɗaya ne, wasu ma ba su kai ba. Mu ɗauka kilo 900 ne. Kai da yaronka da leburori biyu kun cinye kamar 280. Ƙarfen da mai walda ya kewaye bodi da shi, da safaya ta biyu, da jarkar ruwa, ka ce 70. Saura 550, wato buhun taki 11 mai kilo 50. Na san kana murmushi, don na san abin da ake ɗora wa Hilux a hanyar Dadin Kowa da ta Bajoga. Amma lissafin ke nan, kuma da shi za ka zaɓi kaya.

Akwai kuma wani abu da masu ƙofa huɗu ba su cika lura da shi ba. Kujerun baya sun cinye tsakiyar motar, saboda haka yawancin bodin yana rataye ne a bayan aksil. Tsakanin tayar gaba da ta baya a Hilux ɗinka milimita 3,085 ne, mita 3 da 'yan kai. Idan ka jibge kilo 400 wanda tsakiyarsa ta faɗo santimita 60 a bayan aksil, tayoyin baya ba 400 za su ji ba, kusan 478 za su ji, kuma kilo 78 ɗin nan daga tayoyin gaba aka ɗebo shi. Dalilin da ya sa sitiyari ke yin sakayau ke nan, fitilunka kuma suke haska idon mai zuwa maimakon kwalta. Balan-balan zai ɗaga bayan, fitila ta dawo hanya, amma ba ya mayar da wannan nauyin gaba. Abin da ke mayar da shi shi ne shirin kaya: masu nauyi su jingina da kan mota, marasa nauyi su zo bakin ƙofar baya. Wannan gyaran ba ya cin ko kwabo.

Kafin ka tura wa kowa kuɗi, ka sami tef ɗin awo na tela ko na magina. Ka tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri babu kaya, ka auna daga tsakiyar taya zuwa leɓen bodi da ke samanta, dama da hagu, ka rubuta. Ranar da ka yi lodinka na kullum ka sake aunawa a wuri ɗaya. Sannan ka durƙusa ka leƙa. A tsakanin aksil da shasi akwai wata guntuwar roba da ke hana ƙarfe dukan ƙarfe. Idan ka ga inda take bugawa ya yi sul yana ƙyalli kamar gindin tsohuwar tukunya da aka goge, ko robar ta tsage, ko ma babu ita, to ƙum ɗin da kake ji ke nan. Ka dubi fallayen sifirin ɗaya bayan ɗaya. Lafiyayyen sifirin yana da ɗan lanƙwasa kamar baka idan babu kaya. Wanda ya miƙe sambal, ko ya fara juyawa ƙasa, ya mutu ko da bai karye ba. Ka duba bush na gaba da na baya, da yubol da ke ɗaure sifirin da aksil, da santabol da ke haɗe fallayen a tsakiya, da ko shokazoba tana tsiyayar mai. Motar 2012 da ta sha lodin taki, zan yi mamaki idan duk waɗannan suka fita lafiya.

Na dage a kan wannan ne saboda ɗaura balan-balan a kan mataccen sifirin gyaran gangar Auzinawa ne. Sifirin ba ɗaukar nauyi kaɗai yake yi ba, shi ne ke riƙe aksil a mazauninsa kada ya goce gaba ko baya ko gefe. Jakar iska ba ta riƙe komai. Idan sifirin ya gaji, aikin da ya kamata ya yi gaba ɗaya zai koma kan jakar, kai kuma ka yi ta ƙara iska, daga nan masifar da zan ba ka labarinta take farawa. Kuma don Allah kada ka bari a gasa maka fallaye da wuta a ce za a mayar musu da lanƙwasa. Wuta tana kashe ƙarfin ƙarfen, wata biyu ya koma yadda yake ko ya ɓalle.

To wa ya dace da balan-balan? Mai irin rayuwarka. Mutumin da motarsa ke ɗauke da kaya kullum, mai kai bulo ko ruwan leda ko simintin Ashaka, shi sifirin mai ƙarin fallaye ya kamace shi, ya ɗaura ya manta. Haka iyayenmu suka yi da Peugeot 504 a-kori-kura, kuma ta yi musu aiki. Amma idan kai ka ƙara falle biyu, ranar da ka ɗauki Hajiya da yara zuwa Bauchi babu kaya a baya, kafin ku kai Alkaleri za ka ji bayani, don motar za ta riƙa tsalle kamar ɗan akuya, kuma bayan da ke tsalle ba ya kama ƙasa a kwana. Amfanin iska ɗaya ne tak: ka taurara ta yau, ka sassauta ta gobe. Ga mai lodi wata uku ko huɗu a shekara, wannan ya isa dalili.

Iri uku za ka gani a hotunan da yaronka ke nuna maka. Na farko gajere ne mai ƙiba, da ɗamara a tsakiya, kamar an kifa ƙwarya biyu a kan biyu. Shi ne mai ƙarfi. Ride-Rite na Firestone da LoadLifter 5000 na Air Lift suna cikin wannan, ana rubuta musu har laba 5,000, wato wajen kilo 2,270 su biyun, a iska 100 bisa ma'aunin psi da gejin mai faci ke nunawa. Na biyu siriri ne dogo, robar tana naɗewa a kan gindinta idan mota ta danna. Ride Control na Air Lift irinsa ne, laba 2,000, kimanin kilo 900. Ya fi laushi, ya kuma fi shiga matsattsen wuri. Na uku ana cusa shi ne cikin sifirin mai murɗe, irin Air Lift 1000, wanda iskarsa ba ta wuce 35. Wannan ba naka ba ne, na masu mota irin Ram 1500 ne, ko Tundra daga ƙirar 2022, ko wasu Navara masu murɗaɗɗen sifirin a baya. Kai fallaye gare ka.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ganin 5,000 ya fi 2,000, sai a ce a ba ni babban. Raba ka gani. Laba 5,000 a iska 100 na nufin kowane ɗigo ɗaya na geji yana tura kamar kilo 23 a kiyasce. Iska 30 kaɗai ta kusa kilo 700, fiye da duk takin da muka lissafa maka. Ƙaramin kuwa kamar kilo 9 ne a kowane ɗigo, saboda haka kana da sararin daidaitawa a hankali. An yi manyan ne da tunanin manyan a-kori-kurar Amurka masu jan tirelar dawaki da gidan tafi-da-gidanka. A kan Hilux babbar jaka tana sa bayan ya yi tauri ko da ka sauke iskar zuwa ƙasa, tunda ba a barin ta babu iska sam. Ga lodinka, ƙarami ko matsakaici ya wadatar. Idan kuma abin da ya samu na motarka mai ɗamarar ne kawai, ba laifi, sai dai ka san cewa ba za ka taɓa kusantar 100 ɗin da aka rubuta ba.

Abin da ya fi sunan kamfani muhimmanci shi ne ƙarafan da ke riƙe jakar, kuma nan ne mutanenmu ke faɗawa rami. Tun 1995 Toyota ta daina sayar da Hilux a Amurka, Tacoma ta maye gurbinta. Saboda haka idan yaronka ya shiga shagon intanet na Amurka, na Tacoma da Tundra zai gani, kuma shasinsu daban ne. Na Hilux sai ka nemi masu yi wa kasuwar Ostareliya, ko Afirka ta Kudu, ko Turai. Airbag Man da Polyair kamfanonin Ostareliya ne, can kuwa Hilux kamar jaki take a ƙauyenmu. Ka ba mai sayarwa shekarar motar, da lambar shasi, da ko mai jan ƙafa huɗu ce ko biyu, da ko an taɓa ɗaga ta. Taka tana cikin zubin 2005 zuwa 2015, wanda ake ce wa Vigo, kada ka karɓi na zubin da ya biyo baya sai an nuna maka a rubuce cewa ya dace. Idan ta hannun ɗan kasuwa za ka bi, a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Ladipo ta Legas, ka tura masa hoto. Idan ka ce masa eyabag kawai, wato sunanta na Turanci, ta cikin sitiyari zai aiko maka a motar dare. Ka nemi wanda ake ɗaurewa da noti a ramukan da ke jikin shasi tun asali. Duk wanda ya ce sai ya huda leɓen shasi ko ya kama shi da walda, ka ɗauke motarka.

Ga labarin da na ce zan ba ka. Wata shekara da bazara aka jawo mini wata mai ƙofa huɗu daga wajen Dukku, ba irin taka ba ce. Mai ita ya ɗora tankin ruwa na lita 1,000, wato tan guda cif, ya tura shi can bakin ƙofar baya don injin ban ruwa ya sami wuri a gaba. An haɗa masa balan-balan na kwance da ƙarafan da mai walda ya yanka da ido. Da na sa geji, iskar ta haura 80. Ya ce shi bai ji komai ba, kwalbati kawai ya haura da ɗan gudu. Tun daga nesa na gane. Tsakanin kan mota da bodi, inda a da yatsu biyu ke shiga, ta sama dunƙulen hannuna ya shige, ta ƙasa kuwa ƙarfe ya sumbaci ƙarfe. Da na shiga ƙarƙashi da tocila, ɗan gaba kaɗan da mazaunin jakar, fentin shasi ya ɓare kamar ɓawon gyaɗa, ƙarfen ya yi tattara a gefe biyu. Jakunkunan kuwa lafiyarsu ƙalau, ko kwarzane babu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sifirin mai fallaye yana kama shasi a wuri biyu masu nisa da juna, gaba da baya, kamar akumari da ke baza nauyin mangala a gadon bayan jaki. Jakar iska kuwa wuri ɗaya take tokarewa, daidai saman aksil. Idan ka cika ta da iska har ta ƙwace aikin sifirin, shasin ya zama kamar sanda a kan gwiwa: inji da mutane na danna gaba, kaya na danna baya, ita tana tokare tsakiya. Sai a haɗu da gargada ko kwalbati. Makanikan Ostareliya sun daɗe suna kokawa da wannan a kan masu ƙofa huɗu da ke shiga dajinsu da kaya a wutsiya. Saboda haka ƙa'idata a gareji ita ce sifirin ya ci gaba da ɗaukar kaso mafi tsoka. Ka yi lodi tukuna, sannan ka hura kaɗan-kaɗan har motar ta daidaita, ƙarfe ya daina dukan roba. Kada ka mayar da ita tsayin da ka auna tana fayau, ka bar ta ta ɗan zauna. Idan sai ka kai babbar jaka 40 ko fiye kafin ƙaramar a-kori-kura ta miƙe, kayan ne suka yi yawa, a sauke.

Akwai dalili na biyu na barin ta ta ɗan zauna, kuma ba kowane bakanike ke tuna shi ba. Hilux da yawa na wancan zubin, musamman marasa ABS, wato na'urar da ke hana tayoyi kullewa idan an taka birki, suna da wani bawul na birki a jikin shasi ta baya, da siririn ƙarfe da ya haɗa shi da aksil. Aikinsa ya ji yadda bayan ya zauna. Idan ya zauna sosai, ya san akwai kaya, sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. Idan yana sama, sai ya rage don kada tayoyin baya su kulle. To ka ga idan ka hura iska motar ta koma tsayinta na fayau alhali buhu 11 na kai, ka yi wa bawul ɗin ƙarya. Zai bar birkin gaba da aikin shi kaɗai, kuma ba a gangaren Tula ko na Kaltungo ake son gano haka ba. Ka sa a duba maka ko motarka tana da shi tun kafin a yi odar kaya.

Batun tiyo. Kowace jaka ta sami tiyonta da bakin hurawarta daban. Wasu suna haɗe su biyun da mahaɗi ɗaya don sauƙin hurawa, ni ba na yi. Idan ka shiga kwana nauyi yana komawa gefe ɗaya, iskar wannan gefen sai ta gudu ɗaya gefen, motar ta ƙara kwantawa a daidai lokacin da kake son ta tsaya. Da doguwar shanshera da aka jera ta haura kan mota, wannan ba wasa ba ne. Rabuwar kuma tana ba ka damar ƙara wa gefen da ya fi nauyi. Ina fito da bakunan biyu kusa da lambar mota ko cikin murfin tankin mai, inda laka ba ta kai musu.

Kwamfuresa ta cikin mota, wato ɗan injin hura iska mai maɓalli ko rimot, tana da daɗi, amma ban ba ka shawarar ta ba a karon farko. Kuɗinta na iya kamo na jakunkunan, kuma ƙurar hunturu da ruwan damina ba sa raga wa wayoyi da bawul da ke ƙarƙashin mota. Famfon keke ko na ƙafa da geji mai kyau, wanda ke nuna ƙananan lambobi sosai, sun ishe ka. Cikin jakar ɗan ƙarami ne, bugu kaɗan ya cika ta. Saboda haka ka yi hattara da injin mai faci: kafin ya ɗago kai ya amsa gaisuwa ta wuce 70. Ko sa geji da cirewa yana rage mata wani abu. Kada kuma ka bar ta ƙasa da 5 ko motar tana fayau, don idan babu iska robar tana lanƙwashewa ta ci kanta tsakanin ƙarafa. Mafi yawan jakunkunan da na ga sun fashe, rashin iska ne ya kashe su, ba yawanta ba.

Wajen ɗaurawa ka tsaya a kan mai aikin. Jakar ta zauna a miƙe, da sarari aƙalla kaurin yatsa ta kowane gefe bayan an hura ta, kada ta taɓa taya, ko tiyon birki, ko wayar birkin hannu. Gefen salansa a sa mata garkuwar zafi da ke zuwa cikin kwalin, tiyo ma ya yi nesa da shi. A yanka tiyo da reza a miƙe, ba da filaya ba, don bakin da ya matse shi ne ke yoyo. Yawancin irin nan ana cire guntuwar robar nan ne a sa jakar a gurbinta, saboda haka idan ka sami wadda ke da roba a cikin cikinta, irin wadda Air Lift ke kira Ultimate, ta fi kwanciyar hankali ranar da ƙaya ko tsinin kara ya huda ta a gona. Bayan an gama a hura, a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa a nemi kumfa, a rubuta lambar geji, washegari a sake dubawa. Bayan tafiyar farko da kaya a sake bin notuna.

Tunda gona kake shiga, ga wani abu. Jakar da aka ɗaure sama da ƙasa tana iya rage yadda taya ke saukowa idan ɗaya ta faɗa kwari, har ta rataye aksil a jikin roba. Masu shiga daji suna sa mata wani ɗan faranti a ƙasa wanda take zama a kai ba tare da an ɗaure ta ba, ta rabu da shi idan aksil ya sauka, ta koma idan ya dawo. Ka tambayi mai sayarwa ko nasa yana da shi. Haka kuma duk ranar da za a ɗaga motar ta shasi tayoyi su yi lilo, a sauke iskar tukuna. Da damina idan ka dawo, ka sa a watsa ruwa a wanke laka da tsakuwar da ke maƙalewa a gindin jakar, su ne ke goge ta a hankali.

Na kwance, wato wanda aka ciro daga wata motar, ban yarda da shi ba. Roba tana tsufa ko ba a aiki da ita, kuma tsagar da ke cikin ninki ba ta ganuwa sai an hura. Idan za ka yi oda, ka haɗa da tiyo na ƙari da mahaɗai biyu ko uku, ka jefa a aljihun mota. Tiyon yawanci mai kwatan inci ne, abu ne mai araha, amma ranar da ka neme shi a Deba ko Nafada za ka san darajarsa.

Idan kuma ka san kanka, ka san ba za ka riƙa duba geji duk mako ba, ko direba ne ke yawo da motar, to akwai hanyar da ba ta son iska. Timbren na Kanada da SumoSprings na Amurka suna yin wani dunƙule mai taushi da ake sawa a gurbin guntuwar robar nan. Ba ya aiki sosai sai mota ta zauna a kansa, ba ya yoyo, ƙaya ba ta dame shi ba. Ba a daidaita shi, abin da ka saya shi ka samu, kuma shi ma wuri ɗaya yake tokarewa, don haka maganar lodi tana nan. Ga motar da ke hannun yara ni shi na fi so.

Shokazoba da taya kuwa kada a manta da su. Iska tana da mayarwa, idan shokazoba ta mutu bayan zai riƙa lilo bayan kowane tudu. A gefen taya akwai lamba bayan girmanta: 112 na nufin kilo 1,120 a kowace taya, 110 na nufin 1,060. Na sha ganin Hilux da tayoyin kwance na ƙananan jif waɗanda lambarsu ba ta kai haka ba, a zafin watan Afrilu, da lodi, a kan kwalta. Ka dubi kuma lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da DOT, mako ne da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019.

Da motata ce, ranka ya daɗe, ga yadda zan bi: in gyara sifirin da bush da shokazoba tukuna, in yi lodi ɗaya ko biyu in gani, don sau da yawa ƙum ɗin a nan yake ƙarewa. Idan har yanzu tana zama fiye da yadda nake so, in yi odar ƙaramar jaka da aka yi wa Vigo takanas, mai tiyo biyu, babu kwamfuresa. Ka aiko mini da awo huɗun nan na tef, da hoton ƙarfen da ke nuna nauyin motar, da hoton saman aksil ta gefen salansa. Idan kuma za ka kawo ta in gani da idona, ka zo da ita da lodinta yadda kake ɗorawa kullum, kada ka rage don kunyata, kuma ban da ranar Juma'a, yaran gareji da wuri suke watsewa.